3.2 Gudummawar Gwamnatin Faransa Wajen Gina Tashoshin Nukiliya

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda gwamnati ke ɗaukar nauyin ayyukan makamashin nukiliya, kuma an ɗauki ƙasar Faransa a matsayin misali. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne, kimanin kashi biyu cikin uku na wutar lantarkin da take samarwa daga tashoshin nukiliya yake fitowa.

Da farko, ya kamata a san abin da ya sa 'yan kasuwa ba su cika shiga wannan harka su kaɗai ba. Tashar da ke aiki da iskar gas ba ta da tsadar gini sosai, amma kullum sai an sayi gas ɗin da za ta ƙona. Tashar nukiliya kuwa akasin haka ce, wato mafi yawan kuɗinta wajen gini ake kashe shi, tun kafin ta samar da wutar da za a sayar. Ginin yakan ɗauki shekaru masu yawa, kuma a duk tsawon lokacin kuɗin ruwan bashin da aka ci yana ta taruwa. Saboda haka, bankuna sukan nemi wanda zai tsaya wa bashin, galibi kuma gwamnati ce kawai ke da ƙarfin yin hakan.

3.2.1 Kafa Hukumomi

Matakin farko da Faransa ta ɗauka shi ne kafa hukumomi mallakar gwamnati. A 1945 Janar Charles de Gaulle ya kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wato CEA, wadda aka ɗora wa nauyin bincike. A 1946 kuma aka haɗe kamfanonin lantarki masu zaman kansu aka mayar da su kamfani guda na gwamnati mai suna EDF. Ke nan, bincike da gini da sayar da wuta duk sun koma hannun gwamnati.

3.2.2 Shirin Messmer

A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, Faransa kuwa daga waje take sayo kusan dukkan manta. A watan Maris na 1974 Firayim Minista Pierre Messmer ya bayyana shirin gina tashoshin nukiliya da yawa cikin gaggawa. EDF ne ya ciyo bashin aikin daga ciki da wajen ƙasar, kuma kasancewar gwamnati na bayansa ya sa masu ba da rance suka amince da shi. Har ila yau, an riƙa gina injina iri ɗaya a wurare daban-daban, abin da ya sauƙaƙa aikin. Ta haka ne ƙasar ta mallaki injinan nukiliya fiye da 50 cikin shekaru ashirin.

3.2.3 Samar da Yuraniyom

Gwamnati ba ta bar maganar makamashin da injinan za su yi amfani da shi a hannun 'yan kasuwa ba. Hukumar CEA ce ta gano yuraniyom a yankin Arlit da ke arewacin Nijar. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, wanda ya fara haƙa a 1971. Daga baya harkar ta koma hannun kamfanonin COGEMA da Areva, sannan Orano, waɗanda dukkansu gwamnatin Faransa ce ke da mafi yawan jarinsu. An daɗe ana jayayya a kan farashin da ake biyan Nijar, kuma a 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

3.2.4 Ɗaukar Asara

Goyon bayan gwamnati bai tsaya ga fara aiki kawai ba, ya haɗa da ɗaukar asara idan lissafi ya ƙwace. Misali, an fara gina inji na uku a tashar Flamanville a 2007, da nufin kammala shi a 2012 a kan Yuro biliyan 3.3. Amma sai a watan Disamba na 2024 ya fara ba da wuta, bayan kuɗinsa ya haura Yuro biliyan 13. Haka kuma a 2017 sai da gwamnati ta zuba biliyoyin Yuro don ceto kamfanin Areva daga durƙushewa. A 2023 ta kammala saye hannun jarin EDF da ke wurin 'yan kasuwa a kan kusan Yuro biliyan 10, domin kamfanin ya samu ƙarfin gina sababbin injina shida da Shugaba Emmanuel Macron ya bayyana a 2022.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa baitulmalin gwamnati ne ya tallafi nukiliyar Faransa tun daga bincike har zuwa biyan asara, baitulmali kuwa kuɗin masu biyan haraji ne. Don haka, duk ƙasar da ke son bin wannan hanya, wajibi ne ta fara auna ko za ta iya jure wa bashi da jinkirin shekaru goma ko fiye kafin a ga wuta.