2.3 Matsalar Iyaka Wajen Lissafa Tafiyar Igiya

Kamar yadda aka nuna a baya, igiyar sauti ko ta rediyo ko ta girgizar ƙasa idan ta tashi tafiya take yi har ƙarfinta ya ƙare. Ita kuwa kwamfuta ba ta iya lissafa sarari marar iyaka. Dole mai lissafi ya keɓe wani yanki, ya rarraba shi gida-gida, ya shata masa iyaka. To, a nan matsalar take. Igiyar da ta isa wannan iyaka takan dawo tamkar amsa-kuwwa a cikin kogo, ta gauraye da ta asali, sakamakon ya gurɓace.

A shekarar 1977 Engquist da Majda suka kawo sharaɗin da ake ɗorawa a kan iyakar don igiya ta wuce abinta. Yana aiki sosai idan igiyar ta tunkari iyakar kai-tsaye, amma idan ta zo a karkace wani kaso yakan dawo.

A 1994 wani Bafaranshe mai suna Berenger ya ɓullo da wata dabara, wato kewaye yankin da shimfiɗa ta lissafi mai shanye igiya kaɗan-kaɗan kamar soso. A ƙa'ida, ko ta wace kusurwa igiyar ta shiga shimfiɗar, babu abin da zai dawo daga bakinta. A ganin mai wannan bincike, a nan ake yawan yin tuntuɓe, domin da zarar an rarraba shimfiɗar gida-gida ɗan abu yakan dawo, musamman idan an yi ta siririya ko an tsananta shanyewar farat ɗaya.