Gadar da Ake Sauraro da Guduma

A tsibirin Vancouver da ke yammacin Kanada akwai wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa mai suna Kinsol, wadda aka kammala a 1920 a kan kogin Koksilah. Da katako aka gina ta, ginshiƙi kan ginshiƙi, an giciye su da juna har suka kai mita 44 sama da ruwa. Jirgi na ƙarshe ya bi ta kanta a 1979. Daga nan aka bar ta da ruwan sama, shi kuwa ba ya hutu.

Abin da ke kashe irin wannan gada ba nauyin jirgi ba ne, danshi ne. Kafin a kafa katakon, akan tura masa wani baƙin mai da ake samu daga kwal, mai wari kamar kwalta, don ya kori ƙwari da ruɓa. Sai dai man ba ya ratsawa har tsakiya, iyakarsa bayan itacen. Da an huda rami don ɗaura ƙusa, ko rana ta tsaga kan ginshiƙi, ruwa ya sami ƙofa. Sai ciki ya ruɓe ya zama kogo, waje kuwa lafiya lau kamar jiya aka sa shi.

Shi ya sa mai duba gada ba ya yarda da idonsa. Guduma yake ɗauka ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yakan amsa da ƙara tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ganga. Duk wanda ya taɓa ganin magini yana buga azara don ya gane ko gara ta cinye cikinta ya san wannan dabara. Inda sauti ya ba da shakka, sai a huda da siririn ƙarfe a auna kaurin abin da ya rage, a zuba magani, a toshe ramin. Gindin ginshiƙi, daidai inda ya haɗu da ƙasa, nan aka fi tsananta bincike.

Daɗin katako shi ne ana iya tallafe gadar a zare wanda ya lalace a sa sabo, ba sai an rushe komai ba. Da irin wannan haƙuri aka ceto Kinsol, aka sake buɗe ta a 2011, amma ga masu tafiya a ƙafa da masu keke.

Wuta ce kaɗai ba ta ba da lokaci. A zamanin jirgin kwal akan jera durom-durom na ruwa a kan gada saboda tartsatsi, a kuma share ciyawar da ke ƙarƙashinta. A 2003 gobarar daji ta cinye gadojin katako 12 a kwazazzabon Myra, kusa da garin Kelowna. Sai a 2008 aka sake buɗe hanyar da ke bi ta kansu.