Beli da Nauyin Mai Tsayawa

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Kunchi, inda gona ke manne da gona, da wuya damina ta wuce ba a yi rikicin iyaka ba. Wani ya ci kunya biyu cikin gonar maƙwabcinsa, magana ta yi zafi, a ɗaga fartanya, sai ga mutum a hannun 'yan sanda. Abin da dangi ke fara nema shi ne beli, kuma da yawa ba su san abin da suke sa wa hannu ba.

Beli shi ne a saki wanda ake tuhuma ya koma gida kafin a yanke hukunci, bisa alkawarin zai bayyana duk ranar da aka neme shi. Shari'ar tana nan daram. Tushensa yana cikin tsarin mulkin 1999: sashe na 36 ya ɗauki mutum a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 35 kuma ya wajabta a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40.

Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da yake jama'a kan yi murmushi idan aka faɗi haka. Na kotu, alƙali ke sa sharuɗɗa, yana duba girman laifin da yiwuwar mutum ya gudu ko ya tsorata shaidu. Tuhumar da hukuncinta kisa ne kuwa, sai Babbar Kotu, can ma da ƙyar.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kuɗi. Idan alƙali ya ce beli a kan naira 200,000 da mutum ɗaya mai tsayawa, galibi ba a nan take ake ƙirga kuɗin ba. Mai tsayawa ya ɗauki alkawari ne cewa idan wanda ya karɓa ya ɓace, shi zai biya. Shi ya sa ake neman mai gida ko gona, wanda mai unguwa ya sani.

A nan kaka ke kawo matsala. An gama girbin gero, yaron da aka ba beli ya ga an ɗage zama sau biyu, ya ɗauka magana ta mutu, ya tafi cirani Legas. Ranar zama kotu za ta ba da umarnin kamo shi, kawun da ya tsaya masa kuma ya sha sammaci. Da kawun ya hango tafiyar, doka ta ba shi damar komawa gaban alƙali ya nemi a sauke masa nauyin tun yaron yana gari.