Kayan Kirsimeti: Ado Ba Tare da Bashi Ba

Kowace shekara in watan Janairu ya kama, mu malaman makaranta mukan ga abu guda. Yara sukan komo daga hutu da labarin sababbin tufafin da aka sa a gidansu ran Kirsimeti, amma in an tambayi kuɗin makaranta sai su sunkuyar da kai. In mun bi sawu, sau da yawa mukan tarar an ci bashin mai atamfa da na tela, ana ta biya har Ista. Ba mu ce ado laifi ne ba. Lidiya, wadda ta karɓi Bulus a gidanta a Filibi, mai sayar da tufafi masu tsada ce. Abin da muke so mu duba shi ne yadda uwargida za ta fita fes, yara kuma su zauna a aji.

Abu na fari shi ne lokaci. Daga ƙarshen Nuwamba kowa yana kasuwa, kaya sukan yi tsada, tela kuma yakan karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa. Wadda ta sayi turminta a watan Satumba ko Oktoba takan sami ragi, ta kuma sami ɗinki mai kyau ba gaggawa. In ana adashi a Zumuntar Mata, ya kamata a shirya kwasa ta faɗo a waɗannan watanni. Mata biyar ko shida kuma suna iya haɗa kuɗi su aiki amintacciya guda zuwa babbar kasuwa, kamar Kantin Kwari ta Kano, ta saro musu a farashin sari. Sai dai a lissafa kuɗin mota tukuna, kada ya cinye ribar.

Na biyu, a san kaya. A da muna da masaƙu namu. Masaƙar Kaduna Textiles ta soma aiki a 1957, ta rufe a 2002, waɗansu da yawa kuma suka bi ta. Yau yawancin atamfar da ke kasuwanninmu daga ƙasar Sin take zuwa, akwai mai kyau, akwai kuma wadda aka manna wa takarda irin ta atamfar Holan don a ruɗi mai saye. Saboda haka kada a dogara ga takarda kaɗai. A juya bayan zanen: atamfa ta ƙwarai launinta kusan ɗaya ne ciki da waje, mai araha kuwa bayanta fari-fari ne. A jiƙa farin ƙyalle a goga a gefe, in ya ɗauki launi, zanen zai zuba. A murza shi da hannu, gama akan cika sitaci don ya yi kamar mai kauri, wanki ɗaya sai ya saki. In an zare zare ɗaya an ƙona, auduga takan zama toka, roba kuwa takan narke ta dunƙule, ita ce kuma mai zafi a jiki lokacin bazara. A ƙarshe a sa mai kanti ya auna a gabanki, a tabbata yadi shida ne cif. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Zanen da ya koɗe cikin wata biyu ya fi wanda ya kai shekara biyar tsada.

Na uku, kada a ji kunyar gwanjo. A Kasuwar Barci ta Kaduna da Katako ta Jos akan sami riguna da siket masu ƙarko. A tambayi ranar da ake kwance dila, a je da sassafe, gama masu sammako ne suke zaɓen na fari. A ɗaga rigar a hasken rana a nemi huji, a duba hammata da zik da bakin ɗinki. In an kawo gida a wanke da sabulu, a shanya a rana sosai, a goge. Mu kuwa da muke cikin sujada, mu tuna Yakubu ya tsauta wa ikilisiyar da ke ba mai kyawawan tufafi wurin zama na gaba, tana barin matalauci a tsaye.

Akwai kuma maganar anko. Biki uku a wata ɗaya, anko uku ke nan, ga kuma zanen zumunta. Ba dole ba ne a yi kowanne. Wadda ta ce wa amarya, "Zan zo, zan kuma taya ki aiki, amma bana ba ni da halin anko," ba ta yi abin kunya ba. Masu fitar da anko su ma su zaɓi wanda gwauruwa za ta iya saya.

Wajen ciniki, a taya da ladabi. In mai kaya ya ce albarka, a ƙara kaɗan ko a wuce gaba da fara'a. Amma kada mu kushe kayan da muka san mai kyau ne, ko mu yi ƙarya cewa an sallama mana ƙasa da haka a wani wuri. Littafin Karin Magana ya san irin wannan mai saye, wanda yake rena kaya a kasuwa, ya koma gida yana fariya. Mai kayan nan shi ma yana da 'ya'ya a makaranta.

Ku maza, wannan magana ta shafe ku. Ku zauna da matanku tun yanzu, ku ware kuɗin makaranta na Janairu da na abinci, sa'an nan ku ba da na tufafi da daɗin rai, kada ku bari sai ana gobe Kirsimeti. In kuwa akwatin uwargida ya cika, ta tuna da Dokas ta Yafa, wadda gwauraye suka tsaya suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Zane ɗaya da ba a ɗaura ba shekara biyu zai iya zama kayan Kirsimetin wata. Ubangiji ya ba mu hikima.