Likita Ya Ce A Rage Tuwo: Ina Mafita Ga Mai Zaɓen Abinci?

A kusan kowane gida na zango, tun daga Nima da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi da unguwannin Tamale, ba a rasa mutum guda da aka sani da zaɓen abinci. Wani ba ya cin kifi saboda ƙarni, wani ba ya son ganin ƙwai, wata kuwa ko ganye ɗaya ta hango a cikin miya sai ta ture kwano. Muddin akwai ƙuruciya da lafiya, abin dariya ne a gida. Amma ranar da likita ya ce sukari ya hau, ko ƙiba ta yi yawa, ya ce a rage tuwo da shinkafa a ƙara abinci mai gina jiki, to a nan ne magana takan zama babba. Domin kuwa abin da aka ce ya rage shi ne kaɗai yake iya ci, abin da aka ce ya ƙara kuma shi ne wanda ya tsana tun yana yaro.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Wanda aka gano nasa, in bai sami abin da zai iya ci ba, ɗayan biyu ne: ko dai ya zauna da yunwa har ya rame, ko kuwa ya gaji bayan mako biyu ya koma gidan jiya. Dukkan biyun babu alheri.

MENE NE FUROTIN, MENE NE SITACI?

Masana sun kasa abincin da ke ba jiki ƙarfi kashi uku: sitaci da sukari, maiƙo, da kuma furotin, wato abin da muka fi sani da abinci mai gina jiki. Sitaci shi ne ya cika masara da gero da shinkafa da rogo da doya da burodi. In ya shiga ciki sai ya narke ya zama sukari ya shiga jini. Furotin kuwa shi ne tubalin ginin tsoka da fata da jini, shi ke gyara abin da ya lalace a jiki, kuma yana daɗewa a ciki, saboda haka wanda ya ci shi ba ya saurin jin yunwa.

Mu mazauna Gana muna da tarihi da wannan magana. A asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Ankara ne Dakta Cicely Williams ta yi nazarin yaran da ake yayewa da kunun masara zalla, jikinsu na kumbura, gashinsu na sauya launi. A shekarar 1935 ta gabatar wa duniya sunan cutar kamar yadda ta ji shi a harshen Ga, wato kwashiyoko, ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Tun daga wancan lokaci aka gane cewa cika ciki daban, gina jiki daban.

Babban mutum mai lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Alal misali, mai kilo 70 yana bukatar wajen giram 56. Dattawa kuwa, da yake tsokarsu na zaizayewa da shekaru, masana da dama na ba da shawarar su kai giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo.

Ga abin da ke cikin abincin da muka saba da shi. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa yana da sitaci kimanin giram 45, furotin ɗinsa bai wuce giram 4 ba. Garin rogo kusan dukkansa sitaci ne. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6, sitacinsa bai kai giram ɗaya ba. Dafaffen nama ko kaza ko kifi mai girman tafin hannu yana ba da giram 20 zuwa 25. Kofin madara ko nono yana da wajen giram 8. Cikin hannu ɗaya na gyaɗa yana da kimanin giram 7. Kofin dafaffen wake yana da wajen giram 13, duk da cewa shi ma yana da nasa sitacin, sai dai yana tare da dusa mai yawa wadda ke sa sukarin ya shiga jini a hankali.

FARA DA ABIN DA BAKI YA RIGA YA SANI

Kuskuren da akan yi shi ne a kawo wa mai zaɓen abinci jerin abubuwan da bai taɓa so ba, a ce daga yau su ne cimarsa. Abin da ya fi shi ne a zauna da shi a lissafa duk abin da yake ci ba tare da gardama ba, sannan a duba waɗanne ne masu gina jiki a ciki. Da wuya a rasa uku ko huɗu. Wanda ba ya cin kifi sau da yawa yana cin tsire. Wanda ba ya son dafaffen wake yana cin ƙosai ko tubani. Wanda ba ya shan madara yana iya cin soyayyen wagashi, ko awarar waken soya. Akwai ƙuliƙuli, akwai kilishi, akwai naman zabo da ƙwan zabi waɗanda suka wadata a arewacin ƙasar nan. In mutum ya sami abu huɗu da yake so, ya isa a gina masa abincin mako a kansu. Ba dole ne sai ya ci komai ba.

Sai kuma a gano mene ne ainihin abin da yake gudu, domin yawanci ba abincin ne ake ƙi ba, wani hali ne nasa. In ƙarni ne, a wanke kifi da lemon tsami, a sa citta da tafarnuwa, ko a koma kan busasshen kifi mai hayaƙi. In santsi ne ko laushi, a gasa ko a soya sama-sama har ya yi ƙarau. Mai ƙin dafaffen ƙwai saboda warin gwaiduwa yakan karɓi wainar ƙwai da albasa da attarugu. Mai ƙin nama saboda jijiya da kitse yakan ci niƙaƙƙen nama ko dambu. Abu ɗaya ne, hannun mai girki ne ya sauya shi.

Hanya ta uku ita ce a shigar da furotin cikin miya. A daka busassun ƙananan kifi su zama gari, a zuba cokali biyu a miyar kuka ko ta ayoyo. A yawaita agushi a miyar ganyen gwaza. A yi miyar gyaɗa mai kauri. A soya waken soya a niƙa, a riƙa zuba kaɗan a koko ko a garin tuwo. Amma ga babban mutum, a gaya masa gaskiyar abin da aka sa. Ranar da ya gano an yi masa dabara a ɓoye, zai daina yarda da tukunyar gaba ɗaya.

RAGEWA AKA CE, BA DAINAWA BA

Likitoci ba su cika cewa a bar tuwo kwata-kwata ba. Ma'aunin da ake koya wa masu ciwon sukari shi ne na faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake, ragowar kashi ɗaya cikin huɗun kuma tuwo ko shinkafa. A wajenmu da ake ci da miya, ma'anarsa ita ce malmala mai girman dunƙulen hannun mai ci, miya kuwa a cika kwano. Tuwon zafi, banku, kenke, fufu, duk wannan ma'auni ne. Bincike ya kuma nuna cewa in aka fara cin ganye da nama kafin a taɓa tuwon, sukari ba ya yin tsalle sosai bayan cin abinci.

Mu ɗauki waakye, wato shinkafa da waken da kowa ke alfahari da shi. Matsalarsa ba a cikin tukunya take ba, a wajen kayan da ake ɗora masa take: taliya, garin rogo, soyayyar ayaba, sitaci uku a kan na huɗu. Mai son gyara ya ce a rage masa shinkafa, a bar taliya da gari, kuɗinsu a sa masa ƙwai ko kifi da ganye. A kuma lura da ganda, wadda ake kira wele. Tana da daɗin tauna, amma furotin ɗinta ba cikakke ba ne, ba ta tsayawa a madadin nama ko ƙwai.

Haka karin kumallo. Koko da sukari cokali uku, ga burodi, ga pinkaso an barbaɗa masa sukari, wannan sitaci ne tun daga farko har ƙarshe. A rage kokon zuwa rabin kofi, a janye sukarin a hankali, a maye gurbin burodi da ƙosai ko ƙwai biyu. Fura da nono kuma a yawaita nonon, a rage furar, a hana mai damawa zuba sukari.

Abin sha shi ne wurin da ya fi sauƙin samun nasara, domin ko mai zaɓen abinci ba ya ƙin ruwa. Gwangwanin lemon kwalba guda yana ɗauke da sukari wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a shekarar 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, in ma da hali a tsaya a giram 25, wajen ƙaramin cokali shida. Zoɓo da lamurje da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi duk suna cikin wannan lissafi.

Ga misalin yini guda ga mai kilo 70. Da safe ƙwai biyu da rabin kofin koko, giram 12. Da rana ɗan waakye da yankan kifi ko kaza, giram 20 ko fiye. Da la'asar cikin hannu na gyaɗa, giram 7. Da dare ƙaramar malmala da miyar agushi da nama, giram 20. An doshi giram 60 ke nan, ba a ma lissafa waken da agushin ba, kuma babu wani abu a ciki da ba a sayarwa a bakin titinmu.

SABON ABU SAI DA HAƘURI

Harshe yana koyo. Nazarin da aka yi kan yara ya nuna cewa sau da yawa sai an gabatar musu da sabon abinci sau takwas zuwa goma sha biyar kafin su karɓe shi, kuma manya ma sabo na aiki a kansu. Dabarar ita ce abu ɗaya a lokaci ɗaya, loma ɗaya tak, a gefen abincin da aka saba, ba tare da tilas ko gori ba. Uwargida ta daure, 'yan uwa su daina tsokana. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai akwai wanda nasa ya wuce zaɓe. In mutum bai iya cin abin da ya wuce kala biyar ko shida ba, yana yunƙurin amai da ganin sabon abinci, yana ramewa, to wannan lalura ce da likitoci suka sanya wa suna tun shekarar 2013, kuma ana taimaka wa masu ita. A kai shi asibiti, kada a ce iyayi ne.

GARGAƊI

Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita, domin yawansa na iya ƙara wa ƙodar nauyi. Wanda ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke sukari kada ya zabge tuwo farat ɗaya, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma. Alamunsa su ne rawar jiki, zufa da jiri. Ya fara shawara da mai duba shi don a daidaita maganin. Mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara masu tasowa ba a rage musu abinci da ka, su ƙari suke bukata.

Kilishi da tsire da kifin gwangwani suna da gishiri da yawa, alhali abin da ake so kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da na dunƙulen miya. Mai hawan jini ya kiyaye. Gyaɗa da ƙuliƙuli da agushi suna da mai, saboda haka mai son rage ƙiba ya tsaya a cikin hannu ɗaya. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar da ita, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta.

A shekarar 2023 gwamnatin Gana ta ƙaddamar da ƙa'idojin cin abinci na ƙasa, waɗanda aka gina a kan irin cimar da ake samu a kasuwanninmu, kuma manyan asibitoci suna da jami'an da aikinsu ke nan, tsara wa mutum abinci daidai da ciwonsa da aljihunsa. Mai zuwa wurinsu ya tafi da jerin abin da yake iya ci, ya faɗi gaskiya ba tare da jin kunya ba, domin tsarin da mutum zai iya bi shekara da shekaru ya fi wanda zai watsar bayan sati biyu.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin.