MACE MAI YAWAN MANTUWA: SAKARCI NE KO LALURA?

 

Wani ɗan kasuwa a nan Daura ya kawo mana ƙarar matarsa, ya ce saura ƙiris ya sake ta. Laifinta shi ne takan ɗora tukunya ta manta har tuwo ya ƙone, in an ba ta kuɗin cefane sai ta rasa inda ta ajiye, in ta tayar da salla ba ta sanin raka'a nawa ta yi. An yi mata ruƙiyya bisa zaton aljanu ne, ba a ga canji ba. Muka ba shi shawarar ganin likita. Da likitan ƙwaƙwalwa a Kano ya binciki tarihinta tun ƙuruciya, sai ya ce tana da ADHD, watau lalurar ƙarancin natsuwa da yawan gaggawa. Mijin ya ce da ta ji haka sai ta fashe da kuka, domin tun tana makarantar allo ake kiran ta sakarya, ashe abin yana da suna.

Ya ku 'yan'uwa, wannan lalura ba sabuwa ba ce. Wani likitan Ingila, George Still, ya yi bayaninta a kan yara a 1902, sunan ADHD kuwa likitocin Amurka suka tsayar da shi a 1987. Galibi gadonta ake yi, ba raunin imani ke kawo ta ba. Yaro namiji yakan nuna ta da ƙiriniya, sai a lura da wuri. Yarinya kuwa sau da yawa tana zaune shiru alhali hankalinta ya yi nisa, ba a ganewa sai ɗawainiyar aure da 'ya'ya ta taru a kanta. Amma ba kowace mantuwa ce ADHD ba. Sai alamun sun faro kafin shekara 12, suna kuma ɓata al'amura a wuri fiye da ɗaya, kuma likita ne ke tabbatarwa.

Game da sallarta, malamanmu na Malikiyya sun riga sun yi sauƙi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Ahalari an bambanta mai shakka jefi-jefi da wanda shakka ta aure shi. Na farko zai yi gini a kan mafi ƙaranci, na biyu kuwa zai yi watsi da shakkar, ya cika sallarsa, ya yi ba'adi. To, idan shari'a ta yi wa irin wannan baiwar Allah rangwame a gaban Ubangijinta, ina dalilin miji na tsananta mata saboda tukunya?

Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ne. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Akwai ƙwararru a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Barnawa a Kaduna. Akwai magani, amma kada a sha sai da izinin likita. Rubuta ayyukan yini da sa ƙararrawar waya su ma suna taimakawa.

Muna kira ga magidanta daga Zango har Baure, da shugabannin ofisoshi masu mata a ƙarƙashinsu, su bincika kafin su yanke hukunci. Mutumin nan dai bai yi sakin ba. Allah Ya ba mu haƙuri da iyalanmu, amin.