Mai Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje: Abin da Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Tashi

A shekarar 1987 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, bisa shawarar ministanta na harkokin waje, Farfesa Bolaji Akinyemi, ta kafa Rundunar Taimakon Fasaha wadda aka fi sani da TAC. Manufarta ita ce, maimakon Nijeriya ta riƙa ba ƙasashe 'yan'uwa tsabar kuɗi, ta aika musu da mutane: malaman makaranta, da likitoci, da ma'aikatan jinya, da injiniyoyi, su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da na tsibiran Karibiyan da na tekun Pasifik. Tun daga lokacin ma'aikatan Nijeriya sun yi aiki a Gambiya da Uganda da Jamaika, har da Fiji mai nisa. Wanda aka zaɓa yakan tafi da tunanin cewa ilminsa ne kaɗai ake bukata. Lalle ana bukatarsa, amma abin da ya fi kayar da sabon tafiya shi ne mance cewa baƙo ne.

Wani abin da ya faru a Ibadan ya isa misali. A shekarar 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar Peace Corps, aka fara aiko samari da 'yan mata su koyar a makarantun Afirka ta Yamma. A watan Oktoba na wannan shekara wata budurwa daga cikin waɗanda ake horarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta wa wani abokinta kati, tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai gidan waya ba. Ya faɗi, wani ya tsinta, ɗalibai suka kwafe shi suka baza. Aka yi taron nuna fushi, jaridun duniya suka ɗauka, ita kuwa ta bar ƙasar tun ba ta fara aikin da ya kawo ta ba. Ba wanda ya tuhumi iyawarta. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne, ƙasar da ta sami mulkin kai shekara ɗaya kacal, baƙuwar da ba ta daɗe da sauka ba har ta yanke mata hukunci. A yau da kowa ke da waya a aljihu, hoto guda da tsokaci na layi biyu sun isa su yi irin wannan ɓarna cikin sa'a ɗaya.

Abin lura shi ne, a watan Agusta na wannan shekarar dai, rukunin farko na ƙungiyar da ya sauka a Akara ya rera waƙa da harshen Twi a filin jirgin sama, kuma mutanen Gana suka ji daɗin wannan ƙoƙari ƙwarai. Watau ɗan abin da baƙo ya koya na harshen masu gida yana da nauyin da ya fi girmansa. Ɗan Nijeriya yakan ɗauka cewa tun da Ingilishi ne harshen gwamnati a ƙasar da za shi, ba shi da matsala. To amma majinyaci a ƙauyen Gambiya da Mandinka ko Wolof ko Fulatanci zai faɗi inda ke yi masa ciwo, ɗan makaranta a Kamfala kuma da Luganda yake tunani, Ingilishin kasuwar Jamaika kuwa sai kunne ya saba kafin ya kama shi. Gaisuwa, da ƙirga, da sunayen gaɓoɓin jiki, aikin mako biyu ne ga mai niyya.

Haka kuma kowace ƙasa da ƙofar da ake bi a shiga cikinta. A ƙauyukan Fiji baƙo ba ya fara komai sai ya kai wa mai gari saiwar wani tsiro da suke kira yaƙona, ya nemi izni. Wannan al'ada sunanta sebusebu. Wanda ya tashi inda ake kai gaisuwa ga dagaci da goro bai kamata a ce sai an tuna masa ba. Watannin farko na saurare ne. Malamin da ya tarar da tsarin da bai yi masa ba, gara ya fara tambayar dalilinsa. Sau da yawa akwai dalili, kuma wanda ya shimfiɗa tsarin yana nan zaune a ɗakin malamai yana jin sa.

Akwai shirye-shiryen da ba su bukatar dogon bayani. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi takardar izinin hutunsa a rubuce, ya tabbatar da matsayin ƙarin girmansa da fanshonsa kafin ya tashi. Likita da ma'aikaciyar jinya su sani sai hukumar ƙasar da suka je ta yi musu rajista za su taɓa majinyaci, don haka su riƙe ainihin takardunsu. Katin allurar shawara kada ya rabu da fasfo. A bar wa iyali abin da zai riƙe su 'yan watanni, domin kuɗin da ke ƙetare iyaka ba kullum yake isa a kan kari ba. Mai tuƙi kuma ya tuna cewa Nijeriya ta koma hannun dama tun 1972, amma Uganda da Jamaika da Fiji a hagu suke tuƙi.

Saura batun da aka fi sakaci da shi. Shekara biyu tamkar yau da gobe ce. Baƙon da ya riƙe kowane makulli a hannunsa, shi ke haɗa na'ura, shi ke tsara jarrabawa, ranar da ya hau jirgi sai ɗakin gwajin ya koma a rufe. Saboda haka tun daga zangon farko ya kamata ya nemi ɗan ƙasa guda ko biyu su riƙa yin aikin tare, ya rubuta yadda ake yin kowane abu a littafin da zai bari, kuma a watanni shida na ƙarshe ya ja da baya, su yi yana kallo.